Garin Maganin Ya Kellumi

A unguwar Dubeli ta Jimeta babu wanda bai san gidan Malam Deribe ba, ko da yake shi mai gidan ya daɗe a ƙasa. Daga Barno ya zo Jimeta tun zamanin Turawa, ya zauna yana karantar da Alƙur'ani, ya haifi 'ya'ya uku da suka rayu: Garbai, sai Kellumi, sai autansu Laminu. Shekarar da aka samu 'yancin kai ya yanke jiki ya faɗi a bakin rijiya yana alwalar la'asar, ko furfurar kirki bai yi ba.

Dukansu ukun sun gaji wani abu daga gare shi. A fatar idonsu ta sama akwai ɗan tabo rawaya-rawaya, kamar an ɗiga man shanu ya daskare, kuma a agararsu, can bayan dunduniya, akwai ƙullutu mai tauri wanda ba ya ciwo. Tun suna matasa ake yi musu ba'a da shi, su kuwa har alfahari suke yi, suna cewa shaidar gida ce, ko a Makka aka gan su za a san 'ya'yan wane ne.

Alfaharin ya ƙare ranar da Garbai ya faɗi a kasuwar Jimeta yana ɗaure kwandon busasshen kifi. Ya dafe ƙirji, ya ce a ba shi ruwa, kafin ruwan ya zo ya cika. A lokacin Yola tana ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas, komai sai an jiyo daga Maiduguri, Laminu kuma can yake ya kai goro. Sai a zaman makoki ya iso.

Laminu mutum ne mai faɗa a ji a tashar mota. Yana kai goro Barno, ya dawo da kifi da kanwa, ranar kasuwar Girei kuma ya haye Binuwai ya sayo gyaɗa. Muryarsa in yana ciniki har ƙarshen layi ake jinta. Amma tun daga rasuwar wansa ya daina duba madubi. In ya yi wanka sai ya ja hularsa ƙasa har ta kusa rufe gira. Wasu sun ce masa sammu ne, abokan hamayyar kasuwa suka yi wa Garbai, ya nemi tsari. Ya nema, ya sha rubutu, ya yi sadaka, amma duk sanda ya hau gangaren kogi numfashinsa ya ɗan yi sama, sai gabansa ya faɗi. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Aishatu.

Yayarsa Kellumi ita ta gaji karatun mahaifinsu. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure, tana zaune a gidan gado tana karantar da matan aure da hantsi a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Mace ce doguwa marar hayaniya. Laminu bai taɓa jin ta ɗaga murya ba, bai kuma taɓa ganin ta faɗi abu ta fasa ba.

Wata safiya ta aika a kira shi. Ya same ta ta yafa mayafi, takalmanta a bakin ƙofa.

"Raka ni za ka yi asibiti," ta ce.

"Lafiya, Ya Kellumi? Me ke damun ki?"

"Babu inda ke mini ciwo. Keturah, nas ɗin nan maƙwabciyarmu, da ta zo mana ta'aziyya ta ƙura wa idona ido, ta tambaye ni yadda Baba ya rasu da yadda Garbai ya rasu. Ta ce in je in ga likitansu. Na je, sun ɗebi jinina tun kwanakin baya. Yau za a gaya mini abin da aka gani, ba na so in ji ni kaɗai."

Laminu ya so ya ce yana da lodi a tasha. Ya dubi fuskarta, sai ya ce to.

Likitan sunansa Nicodemus, ɗan Numan ne, matashi siriri da tabarau, bai daɗe da dawowa daga karatu a Ibadan ba. Ya miƙe ya gaishe da Kellumi, ya sa aka kawo wa Laminu kujera. Hausarsa irin ta garin ce, mace da namiji duk ɗaya yake kiransu, amma maganarsa a fili take.

"Mama, jininka yana da kitse da yawa. Ba kitsen da ake gani a jiki ba, wani ne da ke narke cikin jini, Turawa suna ce masa kolestarol. Kowa yana da shi, amma naka ya ninka na mutane. Irin wannan gadonsa ake yi. Shi ne ya fito a ido da agara. Shi ne kuma yake taruwa a hanyoyin jinin zuciya kaɗan-kaɗan har ya toshe su."

"Shi ya kashe mahaifina da wana?"

"Rai na Allah ne. Amma a iya sanina, e, shi nake zato."

Laminu ya ƙara jan hularsa ƙasa. Kellumi kuwa ta gyara zama kamar wadda za a fara ba ta darasi.

"To, mene ne maganinsa?"

Likitan ya ce da farko abinci: ta rage man shanu, da kitsen nama, da ƙwai, ta koma man gyaɗa da kifi. Amma ga mai irin nata, wannan kaɗai ba zai isa ba. Ya jawo aljihun teburinsa ya fito da 'yar ƙwaya fara, da kafso mai sheƙi, ya ajiye su a kan takarda.

"Wannan ƙwayar muna da ita a nan, ba ta da wuyar samu, tana kuma aiki. Amma in mutum ya sha, jikinsa yakan ɗauki zafi, fuska ta yi kamar an shafa barkono, ga ƙaiƙayi. Wasu sukan saba, wasu cikinsu ba ya ɗauka. Wannan kafson shi ne mafi daɗin sha, a haɗiya da ruwa shi ke nan, shi manyan mutane suka fi so yanzu. Sai dai ga irin naka na gado ba ya saukar da kitsen sosai, kuma yakan kawo ciwon jiki, wani lokaci tsakuwa a matsarmama. Akwai na uku, ba ni da shi a nan balle in nuna. Gari ne, ana damawa a sha. Ba ya shiga jini, a hanji yake tsayawa ya jawo abin ya fita da shi. Shi ya fi dacewa da irin naka. Amma ba shi da daɗi ko kaɗan, kamar yashi yake a baki, yana kumbura ciki, yana sa bayan gida ya yi tauri, kuma sai an aiko da shi daga nesa."

"A ba ta kafson mana," Laminu ya ce da sauri. "Me ya sa za ta wahala?"

Kellumi ba ta waiwaye shi ba. "Likita, in tambaye ka. A cikinsu akwai wanda zai raba ni da abin gaba ɗaya?"

"Babu. Ragewa suke yi, kuma shan har ƙarshen rayuwa ne."

"In ya ragu, ka tabbata ba zan faɗi kamar Garbai ba?"

Nicodemus ya cire tabaransa ya goge da gefen rigarsa. "Ba zan yi maka ƙarya ba, Mama. Muna kyautata zato ƙwarai, amma har yanzu masana suna kan bincike. Ban isa in ce na tabbata ba."

"Madalla. Da ka ce ka tabbata da ban yarda da kai ba." Sai ta ƙara da tambaya: "In azumi ya zo fa?"

Ya ce garin da abinci ake shan sa, don haka za a iya raba shi tsakanin sahur da buɗa-baki.

"To, garin nake so. A aika a kawo. Kafin ya iso ba zan zauna haka ba, ka ba ni mai zafin in fara."

Likitan ya rubuta, sannan ya ɗago kai ya dubi Laminu, ya dubi ƙarƙashin hularsa. "Malam, kai ma ɗan gidan ne, ko?"

"Ni rakiya na yi," Laminu ya ce, ya tashi ya fita baranda.

A hanyar komawa ya jira ta yi masa magana a kan abin da likita ya ce masa. Ba ta yi ba. Ta tambaye shi lafiyar surukansa na unguwar Adarawo, ta tsaya ta sayi kuɓewa, suka rabu a ƙofar gida.

Bayan 'yan kwanaki Aishatu, wadda ita ma ɗalibar Kellumi ce, ta turo masa saƙo tasha ya zo maza, wani abu ya sami Adda Kellumi. Ya bar ciniki ya taho a guje. Da ya yi sallama mata suka ja mayafansu suka ba shi hanya. Kellumi tana zaune a kan buzunta, gumi na zuba daga goshinta, fuskarta da wuyanta sun yi jajur duk da baƙinta, hannunta ɗaya yana danne da jiƙaƙƙen tsumma a wuya. Ɗaya hannun yana kan allon wata mata, tana gyara mata wasali.

Wata tsohuwa ta raɗa masa cewa iska ce ta taɓa ta, a kawo hayaƙi.

"Gogo, na ji ki," Kellumi ta ce. "Babu wata iska. Ga ta nan." Ta zaro kwalbar ƙwayar daga ƙarƙashin buzu ta ɗaga kowa ya gani. "Wannan ce, likita kuma ya gaya mini haka za ta yi. Kafin mu kai ƙarshen wannan surar za ta sake ni."

Sai ta yi musu bayani, yadda aka yi mata, ba ta ƙara ba ta rage ba. Ta nuna musu fatar idonta, ta tuɓe takalmi ta nuna agararta. Ta ce duk wadda a gidansu maza ke faɗuwa da ƙuruciyarsu, kada ta tsaya neman wanda ya yi musu asiri kawai, ta duba ko akwai irin wannan. Laminu yana tsaye a bakin zaure yana ji. Shi da yake ɓoye abin a ƙarƙashin hula, ga yayarsa tana nuna shi a gaban matan unguwa kamar tana nuna musu harafi a allo. Ta dube shi ta ce, "Koma kasuwarka, Laminu, an tayar maka da hankali a banza."

Ta jure ƙwayar har zafin ya fara sauƙi, amma sai cikinta ya soma ƙuna, abinci ya daina zama. Ta koma wajen likita da ƙafarta ta gaya masa, ya ce ta dakata, garin yana hanya. Laminu ya ga ta rame, abin ya tsaya masa a rai. Tafiyarsa ta gaba, da ya shiga wani babban kantin magani a can Maiduguri, ya kwatanta kafson, aka ba shi ba tare da an tambaye shi takardar likita ba. Kwalba biyu ya saya. Ɗaya ya kawo mata tsaraba.

Ta karɓa ta juya ta a hannu, ta yi masa godiya sosai, ta sa masa albarka. "Amma ba zan sha ba," ta ce. "An shimfiɗa mini su a gabana na zaɓa da idona a buɗe. In na sauya, sai da sanin wanda ke duba jinina. Zan kai masa, wataƙila akwai wanda ya dace da shi."

Ɗaya kwalbar tana aljihun Laminu. Tun a mota ya fara haɗiya. A tunaninsa ya sami hanya mai sauƙi: ba sai an ɗebi jininsa ba, ba sai wani ya dube shi ya faɗa masa abin da ba ya so ya ji ba. Yakan sha da safe, ya sha da yamma, in ya tuna Garbai ya ƙara ɗaya.

Garin Kellumi ya iso cikin gwangwanaye, Keturah ta kawo mata har gida. Laminu yana nan ranar da ta fara sha. Ta auna da cokalin da ya zo da shi, ta zuba a ruwa, ta dama, ta yi bisimilla ta kafa kai. Ya ga maƙogwaronta ya tsaya, idanunta sun kawo ruwa. Ta sauke kwanon, ta yi numfashi, ta mayar ta shanye.

"Yaya?" ya tambaya.

"Likita bai yi ƙarya ba. Yashin Binuwai ne, har da ƙarnin kifin."

Ta yi dariya, shi ma ya yi. Daga ranar ta shiga neman yadda za ta zauna da shi. Ta tambayi likita ko za a iya haɗa shi da wani abu, ya ce da abin sha mai sanyi babu laifi. Ta gwada da zoɓo, ta gwada da ruwan lemo, daga ƙarshe ta tsaya a kan kunun tsamiya da ya huce, mai ɗan ruwa-ruwa, a bar garin ya jiƙa kafin a sha. Don taurin ciki ta yawaita ruwa da miyar ganye da gwanda. Man shanu kuwa, wanda a gidan Barebari ba a san tuwo ba sai da shi, ta ɗauke kwalbarsa daga ɗakinta ta ba maƙwabta. Laminu bai taɓa jin ta yi ƙorafi ba, sai dai ba'a.

Shi kuwa jikinsa ya fara yi masa wani iri. Cinyoyinsa da ƙwaurinsa suka riƙa ciwo kamar ya yi noma, kafaɗunsa suka yi nauyi, ga kasala. Ya ce gajiyar hanya ce. Ranar wata kasuwar Girei ya tashi da ƙyar, amma ya tafi. Ya sayi gyaɗarsa, aka loda, ya shiga jirgin fito da azahar, rana ta take. A tsakiyar kogi ya sunkuya zai gyara buhu, sai ciwon ya kama shi daga kafaɗa ya zagayo haƙarƙari. Ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Ya zame ya zauna a kan buhun, ya dafe ƙirji, ya ce a ransa shi ke nan, yau tasa ta zo, a kan ruwa, nesa da kowa nasa.

A jirgin akwai abokinsa Hamajoɗa, dillalin shanu. Ya taso ya riƙe shi.

"Laminu! Kai, mene ne? Yi magana mana."

"Ka kai ni wajen Ya Kellumi," ya ce. "Ba gida ba. Wajenta."

Suna taɓa gaɓa Hamajoɗa ya tare tasi. Kellumi ta fito ta leƙa cikin motar, ta dubi ƙanenta yana kwance a kujerar baya yana salati, ba ta ce a shigo da shi ba. Ta koma ta ɗauko mayafi, ta shiga ta ɗora kansa a cinyarta, ta ce wa direba asibiti. A hanya, da tana sassauta masa wuyan riga, hannunta ya taɓa kwalbar a aljihunsa. Ta zaro ta, ta ga ta kusa ƙarewa. Laminu ya rufe ido yana jiran faɗa.

"Tun yaushe?" ta tambaya a hankali.

"Tun ranar da na kawo miki taki."

"To. Haka za ka gaya wa likita, da yadda kake sha, kada ka rage komai."

Nicodemus ya daɗe yana duba shi. Ya saurari ƙirjinsa, ya auna bugun jininsa, ya matsa cinyarsa da ƙwaurinsa har Laminu ya yi ƙara. Ya karɓi kwalbar ya ji yadda ake shanta, ya girgiza kai.

"Malam, yau dai ba na jin zuciyarka ce. Kafson nan ne ya kama maka nama, ga shi ka sha fiye da ƙima, ga rana, ga tsoro. Za ka kwana biyu a nan mu tabbatar. Ka daina shi, ciwon zai tafi. Amma abin da kake gudu yana nan inda yake. Ka bar ni in ɗebi jinin?"

Laminu ya dubi yayarsa. Tana zaune a kan benci, carbi a hannu, ba ta gyaɗa masa kai ba, ba ta yi masa alama ba. Ya miƙa hannunsa.

Da la'asar, bayan Aishatu ta kawo abinci ta fita wanke kwanuka, suka rage su biyu. Ya ce, "Ya Kellumi, kin san da ni tun farko. Me ya sa ba ki matsa mini ba?"

"Da na matsa maka da ka gudu Maiduguri ka ƙi dawowa, na san halinka tun kana goye. Kuma me zan ce maka? In ce sha abin da ni ban ɗanɗana ba? Na ce bari in shiga gaba, in san zafinsa da ɗacinsa, ranar da ka tambaya in sami abin gaya maka."

"Ke ba ki ji tsoro ba?"

"Na ji mana. Ranar da za a ɗebi jinina sai da na kai ƙofar asibitin nan na juya, na tafi har bakin titi, sannan na dawo. Amma ni na wanke wa Baba kayansa bayan an kai shi, ni na wanke na Garbai. Ban ga zan iya wanke naka ina sane da akwai abin da ban gwada ba."

Laminu ya juya fuskarsa wajen bango. Ta bar shi har ya gama kukansa, sannan ta ce ya tashi ya ci tuwonsa kafin ya sandare.

Sakamakon jininsa ya fito ana gab da azumi. Nasa ya fi nata yawa. Wannan karon shi ne a kujerar gaban likita, ita a ta rakiya. Nicodemus ya sake jera masa magungunan kamar yadda ya yi mata, ya ƙara da cewa shi matafiyi ne, garin zai yi masa wuya a hanya, in yana so a fara da ƙwayar kaɗan-kaɗan bayan cin abinci a gani ko cikinsa zai ɗauka.

Laminu ya yi tambayoyinsa, wasu nata ne ya aro, wasu nasa. Ya tambaya ko zafin mota zai lalata garin, ko za a iya shan sa tare da maganin zazzaɓi. Likitan ya ce a ajiye shi a rufe inda ba danshi, kuma kowane magani a ba shi tazara da garin, don yakan riƙe shi a hanji ya hana shi aiki.

"Wanne ya fi yi wa irin namu aiki?" Laminu ya ce.

"Garin. In bai isa ba, nan gaba mu ƙara da ƙwayar."

"To, a ba ni shi. Kunun tsamiya babu tashar da ba a sayarwa."

Bai zo masa da sauƙi ba. Ranar farko da buɗa-baki ya dawo da shi gaba ɗaya. Ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba, ya yi kaffara, ya ƙara. Duk azumin nan a gidan Kellumi yake shan ruwa, ita da kwanonta shi da nasa, ta riga shi shanyewa ta zauna tana kallonsa har ya ga ƙasan kwanon. Bayan salla ya koma hanya da gwangwaninsa a jaka. A tashar Biu direbobi suka riƙa tsokanarsa wai Laminu ya koma shan siminti. Da farko yakan ɓuya bayan mota ya dama. Daga baya ya riƙa damawa a kan benci a gaban kowa, wanda ya tambaya ya tura hularsa baya ya nuna masa, ya ba shi labarin Garbai.

Da aka sake auna su bayan wasu watanni, kitsen ya sauka, na Kellumi ya fi sauka. Bai koma irin na sauran mutane ba, likita kuma bai ɓoye musu ba. An ƙara wa Laminu ƙwayar, cikinsa ya ɗauka, fuskarsa ta yi ta ƙuna har ta saba. Kellumi ta ji bayanin nata ta yi hamdala, sannan ta ce saura 'ya'yan Garbai. Babbarsu Zainaba tana aure a Yola, mijinta mai tsauri ne, ba ya son zancen asibiti. Kellumi ta ce wannan ba aikin mace ba ne, baffan yarinya ne zai je. Laminu ya sa babbar riga ya tafi, ya zauna da mutumin tun hantsi har azahar, ya dawo da izini. Zainaba ta gaji abin, ƙanenta namiji bai gada ba.

Kellumi ta ci gaba da karantarwa a ƙarƙashin rumfarta, aka raba jihar, Yola ta zama hedikwata, aka yi wa Nicodemus canjin wurin aiki, wasu likitocin suka zo suka tafi, ita tana nan da kwanonta safe da yamma. Ta tsufa har ta ga tattaɓa-kunnen maƙwabtanta sun ɗauki allo, ta rasu a ɗakinta bayan 'yar gajeriyar jinya. Laminu ya yi fama da zuciyarsa a ƙarshen rayuwarsa, an kwantar da shi ba sau ɗaya ba, amma sai da ya aurar da autarsa, ya bar wa 'ya'yansa harkar goro ya zauna gida. In an zo gaishe shi aka yaba masa ƙoƙari da shan magani, yakan ce ba shi ba ne, yayarsa ce, ya gyara zama ya fara ba da labarin ranar da ta aika a kira shi ya raka ta asibiti.